Tayoyin motar marigayi Baba sun shiga tsakanina da ƙanena

Malam, assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana Mercedes-Benz 450 SL ƙirar 1977, mai ƙofa biyu wadda ake buɗe samanta. Tun muna yara ba ya fito da ita sai ranar Juma'a ko da Sallah. Da ciwo ya kwantar da shi ta yi shekara bakwai a gareji an lulluɓe ta. Bana na sa tsohon bakanikensa ya tashe ta, inji lafiya lau. Burinmu shi ne a kai autarmu gidan mijinta a cikinta, daga Kano zuwa Zariya, nan da wata biyu. Taya ce ta kawo rigima. Ƙanena ya ce motar tsere ce, a sa mata wili mai inci 18 da siraran tayoyi irin na zamani. Bakanike ya ce tayoyin da Baba ya sa a 2011 zanensu kamar sababbi, in ma dole ne a canza to a sayi Beljiyam masu kyau. Hajiya ta ce kada a taɓa komai, a bar mota yadda mai ita ya bar ta. Matata kuma ta ce ina narka kuɗi a abin da ba nawa ni kaɗai ba, tunda ba a raba gado ba. Cikin fushi na ce wa ƙanena so yake ya mai da motar Baba ta 'yan gayu. Yau mako biyu ba ya ɗaga wayata. Wace taya zan saya, kuma yaya zan yi da mutanen gida?

Ɗan'uwanku daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kuma sa albarka a auren auta. Da na karanta wasiƙarka sai na ga ku biyar ne a kan mota ɗaya, kuma babu wanda maganarsa ta rasa kan gado gaba ɗaya. Amma akwai magana guda da ba ta jiran sulhu ko shawarar dangi, da ita zan fara: tayoyin da ke jikin motar nan kada su hau titin Zariya, ko da kuwa zanensu yana walƙiya.

Bakaniken Baba yana kallon zane ne, domin a motar da ake mora kullum zane ne ke fara ƙarewa. Motar da ke ajiye kuwa shekaru ne ke cin tayarta. Roba tana bushewa da daɗewa, zafi yana gaggauta bushewar, kuma ka san zafin garejin kwano a Kano cikin Afrilu. A cikin taya akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe da aka manne da roba. Idan robar ta tsufa sai mannewar ta saki, kai kuma daga waje ba ka ganin komai. A cikin gari, kana tafiya a hankali, za ta iya kai ka ta dawo da kai. Ranar da ta ɗauki zafi a doguwar hanya, ranar ce fatarta za ta ɓare. Ƙari a kan haka, taya ta fi lafiya idan tana juyawa, domin murzuwar ce ke fito da sinadarin da ke kare fatarta daga tsagewa. Wadda ta shekara bakwai tana ɗauke da nauyin mota a waje guda ta rasa wannan, kuma gindinta ya baje. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da ba ta taɓa ƙasa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fi haka tsauri, shekara huɗu take faɗa. Duk ma'aunin da ka ɗauka, tayar 2011 ta wuce shi da nisa.

Kada ka je wa dattijon nan da gardama. Ku durƙusa tare a gefen taya, ku nemo inda aka rubuta DOT, ku bi rubutun har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2310, a mako na 23 na 2010 aka yi ta. Wani lokacin a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an leƙa ta ciki. Ku ciro safaya ma daga but. In lambobinta uku ne, to kafin shekarar 2000 aka yi ta, ta girmi wasu daga cikin 'yan rakiyar amarya. Mutumin da ya yi shekaru yana kula da motar nan ba zai so a ce a hannunsa ta kife ba. Yana neman ya rage maka kashe kuɗi ne, ka gode masa a kan haka.

Beljiyam kuwa ban ba ka shawararta ba. Na san dalilin da ya sa ta cika kasuwa: tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas jim kaɗan bayan haka, kusan kowace taya daga waje take zuwa, sabuwa kuma ta yi tsada. Amma tsohuwar tayar mota tana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, saboda haka wadda ka gani ba ka san ta inda ta biyo ba. Sau da yawa cusa su ake yi cikin juna, uku ko huɗu a dunƙule, don a rage wuri, kuma wannan yana lanƙwasa wayar bakin taya. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san facin da ke cikinta ba. Za ka cire tsohuwar da ka san tarihinta ka sa tsohuwar da ba ka sani ba.

Yanzu ga maganar ƙanenka, wadda ita ce ta fi buƙatar a zauna a kanta, domin bai yi ƙarya ba da ya ce mota ce mai gudu. Injinta mai silinda takwas ne, lita huɗu da rabi, kuma ƙirar Turai tana haura kilomita 200 a awa. Inda ya kauce shi ne zaton cewa tayar gudu ita ce faffaɗa mai siririn gefe. Wannan gaskiya ne a motar da aka ƙera don irin wannan taya. Taku an ƙera ta ne a kan taya mai lamba 205/70 VR14, kuma wannan ita ce tayar gudu ta zamaninta. Manyan motocin gudu na Italiya na shekarun 1970 ma masu dogon gefe irin wannan suke sawa. Lambar tana nufin faɗin taya milimita 205, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 143, a kan wili mai inci 14. In aka koma inci 18, dole gefen ya gajarce don tayar ta shiga mazauninta. Misali 225/40 R18 gefenta milimita 90 ne kacal. An zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na matashin iskar da ke tsakanin wili da kwalta.

Wannan matashin ba ado ba ne. Injiniyoyin da suka auna sifirin da shokazoba na motar nan sun lissafa da shi. Idan ka cire shi, duk dukan da taya ke shanyewa zai wuce kai tsaye zuwa ƙafafun mota mai shekara arba'in da ɗoriya, zuwa bushin da suka riga suka gaji, zuwa jikin da ba shi da rufin ƙarfe da zai ƙara masa ƙarfi. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa wili. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsofaffin motoci suna kwantawa gefe a kwana fiye da na yanzu, kuma yadda aka ɗaure ƙafafun bayan wannan mota, tayar tana karkata idan motar ta kwanta ko ta ɗauki nauyi. Taya mai zagayayyar kafaɗa tana jure wannan karkatar, tana sakin ƙasa a hankali, direba yana jin gargaɗi a hannunsa kafin abu ya ɓaci. Faffaɗar taya mai shimfiɗaɗɗiyar fuska kuwa tana riƙe ƙasa sosai har zuwa lokacin da gefenta ɗaya zai ɗaga, sai ta saki gaba ɗaya ba sallama. Kuma tana bin kowane kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta, sitiyari yana fizgar hannunka. Ka tuna motar 1977 ce: babu birkin ABS a cikinta, wato mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, domin sai a 1978 Marsandi ta fara sa shi, a babbar motarta ma tukuna, babu jakar iska, babu wata kwamfuta da za ta gyara kuskuren direba. Taya ce kaɗai mataimakiyarsa.

Akwai tarko ma a wilin kansa. Ramukan noti biyar na tsohuwar Marsandi da na sabuwa tazararsu ɗaya ce, shi ya sa mai sayarwa zai rantse maka zai hau. Hawa zai yi, amma zurfin zamansa daban ne, ana rubuta shi da ET da lamba a bayan wili, kuma kaurin notin sababbin ya fi na tsofaffin. Sai ka ga an koma cusa faranti a tsakani da neman dogayen notina. Ba irin dabarar da nake so a yi wa motar da za ta ɗauki amarya ba ce.

To me za ka saya? Hanyar da ta fi kusa da zuciyar Hajiya ita ce a bar wilin Baba a nemo sabuwar 205/70 R14. Michelin har yanzu yana yin XWX, tayar da ta yi suna a kan irin motocin nan tun shekarun 1970, da zanenta na da amma sabuwar roba, kuma Vredestein yana da Sprint Classic a wannan girman. Su ne suka fi dacewa da motar a kama da a tuƙi. Matsalarsu biyu: da wuya ka same su a shago a nan, sai an yi oda daga Turai da kuɗin waje, kuma wata biyu ba su da yawa ga kayan da za su biyo jirgi su bi ta kwastan. Ga shi kuma motar Juma'a da Sallah ce, shekaru za su kashe tayar tun zanenta bai ko girgiza ba. In aljihu ya yarda kuma kana son motar ta zama daidai yadda ta fito, babu laifi, amma ka yi odar a makon nan. In ka samu wannan girman na wani kamfani sananne a wajen dila, sabuwa, to ta wadatar. Sai dai ka kula da abu ɗaya: da ka ce inci 14, akwai wanda zai mirgino maka 195 R14C, domin ita ce ta cika kasuwa. Wannan C ɗin na motar haya da ɗaukar kaya ne, tayar bas ce. Za ta hau wilinka, amma gefenta tauri gare shi kamar itace, ta fi taku tsayi, kuma ba a yi ta don gudu ba.

Ni kuwa da motata ce, ga abin da zan yi. Daga ƙarshen 1985 Marsandi da kanta ta mayar da wannan samfurin kan wili mai inci 15 da taya 205/65 R15, haka aka ci gaba har aka daina ƙera shi a 1989. Tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne da na asali, milimita 647 a maimakon 643, saboda haka maleji ba zai yi maka ƙarya ba. Kuma wannan girman shi ne na Camry da Accord da yawa na farkon shekarun 2000, wato duk babban shagon taya yana da shi, sabo, na kamfanoni daban-daban, yau da kuma bayan shekara biyar. Aikin shi ne nemo wilin Marsandi na wancan zamanin, na SL ko na babbar Marsandi ta ƙarshen shekarun 1980, a wajen masu kayan tsofaffin motoci. A gwada shi a jikin motar kafin a biya, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ba ya gugar komai, a karɓo shi da notinsa, domin tsayin noti yana bambanta daga wili zuwa wili. Wilin Baba kuma a wanke a adana, duk ranar da aka so a mayar.

Ko wacce ka zaɓa, ka karanta abin da ke bayan lambar girma. Za ka ga kamar 94H ko 94V. Lambar nauyi ce, 94 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 670, wanda ya ishi motar da ba ta kai tan biyu ba. Harafin kuma iyakar gudu ne: T kilomita 190, H 210, V 240. Mai harafin V kamfani ya rubuta wa motar nan, ita za ka fara nema. In ba ta samu ba, kada ka sauka ƙasa da H. Na san doka ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 a babbar hanya ba, kuma ba ina zuga ka ba ne. Tayar da aka gina don babban gudu an gina ta ne ta jure zafi, zafi kuwa shi ne abokin gabarmu a nan. Saboda wannan dalilin, inda aka rubuta Temperature a gefen taya ka nemi A. Ka duba DOT na kowacce da idonka kafin a ɗaura, kada ka karɓi wadda ta haura shekara guda a ajiye, kuma huɗun su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya. Safaya ma sabuwa, ko da mai sauƙin kuɗi ce, muddin tsayinta ɗaya da sauran. A canza bawul duka, a yi balansin da alaimen. Iska kuma a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin motar ko a littafinta, a auna da safe kafin a yi tafiya. Ka sayi ma'aunin iska naka, domin mai faci yakan buga wa kowace mota abin da ya saba.

Sabuwar taya za ta riƙe ƙasa fiye da yadda motar ta saba, kuma za ta tona asirin duk abin da ya gaji. Tiyon birki ma roba ne, shekarunsa ɗaya da sauran. A canza shi, a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya, a duba shokazoba da bushin. Wannan aikin bakaniken Baba ne, ka damƙa masa, zai ji ba a ture shi gefe ba.

Maganar matarka ka ɗauke ta da muhimmanci, domin ita ce ta taɓo abin da ke ƙarƙashin rigimar. Muddin ba a raba gado ba, motar nan ta magada ce duka. Hajiya tana da tumuninta a ciki, ƙanenka yana da rabo daidai da naka, auta ma tana da nata. Kai ka tashi motar da kuɗinka da kyakkyawar niyya, amma a idon ƙanenka wataƙila abin da ya gani shi ne yaya ya ɗauki makulli, ya zaɓi bakanike, yana yanke hukunci shi kaɗai. Ina zaton wilin inci 18 hanyarsa ce ta cewa shi ma ɗan Baba ne, yana son a ga hannunsa a motar. Da ka ce masa zai mai da ita ta 'yan gayu, abin da ya ji shi ne kai ne ka san darajar mahaifinku, shi bai sani ba. Wannan magana ce mai zafi ga wanda shi ma maraicin bai sake shi ba. Babba juji ne. Kada ka tsaya a waya tunda ba ya ɗagawa. Ka taka har gidansa, ka ce kalmar nan ba ta dace ba, ka janye ta, kuma kada ka haɗa ban haƙurin da darasin taya a zama ɗaya. Bayan kwana biyu ka ce ya raka ka neman wili, ka bar masa zaɓen wanda ya fi kyau a cikin waɗanda suka dace. In ya nace sai an ɗan ƙara girma, akwai tsaka-tsaki: inci 16 da taya 215/55 R16 tsayinta ya yi daidai da na asali, gefenta kuma yana da wajen milimita 118. Ba shi ne zaɓina ba, amma ba zan kira shi ganganci ba in wilin ya zauna daidai ba tare da ƙarin faranti ba. Daga nan kada a wuce.

Sannan ku zauna ku huɗu, da wani kawu ko malamin da kuke jin maganarsa, a fayyace abu biyu: kuɗin da ka kashe kyauta ce ga gida ko bashi ne a kan gado, kuma bayan biki motar a hannun wa za ta zauna. In kai kake son ta, a yi mata kuɗi a cire daga rabonka. A rubuta. Da wannan ne hankalin matarka zai kwanta, ba da rarrashi ba.

Hajiya kuwa ba roba take karewa ba, kamannin motar take so ta ci gaba da gani kamar yadda mijinta ke fitowa da ita. Ka ce mata Baba da kansa ya canza tayoyin nan a 2011 da ya ga lokacinsu ya yi, kuma 'yarta ce za ta zauna a ciki. Ban ga uwar da za ta ja da wannan ba. In ka ga sauya wilin zai sosa mata rai, to ka bar shawarata ta inci 15, ka bi ta farko. Ran Hajiya ya fi sauƙin samun taya muhimmanci.

Af, akwai abin da ban ga kun lissafa ba. Kujera biyu ce a motar nan. In ɗayanku yana tuƙi, amarya tana gefe, ina gwaggon da za ta riƙe ta za ta zauna? Ku tambayi mata tun yanzu kafin ranar ta zo a yi cirko-cirko a ƙofar gida. Wataƙila abin da zai fi shi ne amarya ta yi doguwar tafiyar a babbar mota tare da iyayenta mata, motar Baba ta riga su isa Zariya da rana, sannan ta ɗauke ta daga masauki zuwa ƙofar gidan miji. Kafin nan, bayan an ɗaura tayoyin, ku yi mako biyu kuna zagayawa da ita cikin gari, domin sabuwar taya tana da ɗan santsi a farko, sannan ku yi gwaji ɗaya zuwa Kwanar Ɗangora ku dawo, da rana, wata mota tana biye da ku. Ku tsaya a hanya ku taɓa kowane wili ku ji ko wani ya fi sauran zafi, alamar birki yana kamawa ke nan. A tafiyar ka ba ƙanenka makulli, kai ka zauna a gefe.